Aikin kula da ma'aikata: wane ɓangare ne ya haɗa lissafi da hulɗa da jama'a?

Sadiq_Kibiya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na karanci harkokin mulki, na kuma gama hidimar ƙasa. Ina son shiga aikin kula da ma'aikata, amma an ce mini kashi-kashi ne: akwai mai zama gaban kwamfuta yana fama da alƙaluma, akwai mai fama da mutane. Ni ina son Excel sosai, amma ba na son in ƙare a ɗaki daga ni sai kwamfuta. Kuma ba ni da niyyar tafiya Legas ko Abuja, iyaye sun manyanta. Wane ɓangare zan nufa wanda ya haɗa biyun, kuma me zan fara koya?

Malam_Habu_Gumel: Wa alaikumus salam. Sadiq, wannan rabon da aka faɗa maka na manyan kamfanoni ne, irin bankuna da kamfanonin waya, inda sashen ma'aikata kaɗai ya kai mutum talatin. A nan ƙasarmu, injin casar shinkafa a Kura, ko asibiti mai zaman kansa a Haɗejia, ko makarantar kuɗi a Bichi, mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da sashen gaba ɗaya. Shi zai rubuta takardar ɗaukar aiki, shi zai haɗa jadawalin albashi, shi zai raba faɗa tsakanin direba da mai gadi. To ba zaɓi za a ba ka ba, duka za a ɗora maka. Abin tambaya shi ne bayan shekara uku ko huɗu, da wanne za a san ka? In ni ne zan ce ka nufi tsara buƙatar ma'aikata: mutum nawa ake da su, ina suke, nawa ake buƙata, wa zai yi ritaya yaushe. Lissafi ne tsantsa, amma ba ya yiwuwa sai ka zauna da shugaban kowane sashe.

Hajiya_Binta_Kazaure: Ban ƙi ta Malam Habu ba, amma wannan kujera ba a ba sabon shiga. Ƙanena, ka fara da aikin haɗa albashi. Duk wanda ya riƙe jadawalin albashi shekara biyu ya san ma'aikata fiye da shugabansu, don ya san mai bashi, ya san wanda ƙarin girmansa ya maƙale. Kuma nan ne doka ta fi tsauri. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8, mai kamfani aƙalla kashi 10, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. A ce ukun sun kama naira 100,000: a cire masa 8,000, kamfani ya ɗora 10,000, a tura 18,000 cikin kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi. Tilas ne ga mai ma'aikata 15 zuwa sama. Harajin albashi ana kai wa hukumar tara haraji ta jiha kafin 10 ga wata mai bi, bayanin shekara kuma zuwa 31 ga Janairu. NSITF, wato asusun biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kashi 1 ne na jimillar albashin wata, kuma daga aljihun kamfani yake fita, ba a cire wa ma'aikaci. A wannan na ƙarshen ake yawan yin kuskure, sai ka ga an zare shi daga albashin leburori.

Dan_Auyo: Hajiya, matsalar albashi ita ce a ƙananan kamfanoni yana ƙarƙashin akanta. Yana shiga zai zama yaron akanta, ba jami'in ma'aikata ba. Daga 20 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa ba zai ɗaga kai ba, kuma mutane ba sa zuwa wurinsa sai in kuɗinsu bai cika ba. Abin da ya ce yana gudu ke nan.

Hajiya_Binta_Kazaure: To ai wannan zuwan da suke yi da fushi shi ne makarantar hulɗa da jama'a. Ka iya zaunar da dattijon da aka yanke wa dubu biyar, ka buɗe masa takardar albashinsa layi-layi har ya gamsu, ka iya komai a wannan aiki.

Injiniya_Wudil: Tunda ya ce yana son Excel, bari in faɗi inda take kayar da mutane, don son ta daban, iya tsaftace bayanai daban.

Lambar asusun banki goma ce, wasu da sifiri suke farawa. In ka rubuta ta a matsayin lamba, Excel za ta cinye sifirin, ta koma tara, banki ya dawo da biyan. Haka lambar waya. Magani: ka mayar da layin gaba ɗaya ya zama rubutu tun kafin ka shigar da komai, sannan ka sa LEN ya ƙirga maka: asusu 10, BVN 11, NIN 11. Duk wanda bai cika ba ka ware shi.

Kwanan wata: 03/04/1990, wata kwamfutar za ta karanta 3 ga Afrilu, wata 4 ga Maris, ya danganta da ƙasar da aka saita ta. In fayil ya bi ta hannu uku sai ka tarar rabi haka rabi haka, kuma babu abin da zai nuna maka da ido.

Sai suna. Kada ka taɓa haɗa jadawali biyu da suna. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, duk mutum ɗaya ne a fayil huɗu. Abubakar a takardar makaranta, Garba a rajistar zuwa aiki, Habu a bakin abokan aiki. Ta ɗaya gefen kuma Musa Ibrahim uku a sashe ɗaya, kuma mutane uku ne na gaske. Lambar ma'aikaci ita ce makulli, da ita za ka yi VLOOKUP ko XLOOKUP, masu ɗauko bayani daga wani jadawali zuwa wani. Kuma a VLOOKUP, in ka manta sa sifiri a gurbin ƙarshe, za ta ɗauko maka na kusa da shi ba tare da ta yi ƙorafi ba, ka tura wa mai shara albashin sufeto. TRIM don share sararin da ya maƙale a bayan rubutu, COUNTIF don gano lambar da ta fito sau biyu. Ka iya waɗannan da PivotTable mai taƙaita jadawali kafin ka yi maganar Power BI, manhajar haɗa rahoto daga bayanai.

Ummi_Ringim: Allah ya saka, Injiniya. Ƙari a kan kwanan haihuwa: za ka ga mutane da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu. Ba lallai magudi ba ne, takardar rantsuwar shekaru ce, mutum ya san shekara bai san rana ba. Kada sabon jami'i ya gani ya ce ya kama ma'aikatan bogi.

Malam_Habu_Gumel: Wannan batu na Ummi shi ne abin da nake nufi tun farko. Kwamfuta za ta nuna maka BVN ɗaya a kan sunaye biyu. Ba ta ce maka sata ce ba, ta ce ka je ka duba. Wani lokaci satar ce. Wani lokaci kuma tsohuwa ce mai sharar asibiti da ba ta da asusu, aka sa na ɗanta wanda shi ma ma'aikaci ne. In ka tsayar da albashin daga ofis ka zalunce ta, in ka ƙyale ba ka bincika ba ka bar ƙofa a buɗe. Matakan su ne: ka fitar da jerin masu alamar tambaya, ka ciro fayil ɗinsu na takarda, ka duba takardar ɗaukar aiki ta farko da ta ƙarin girma ta ƙarshe, ka tambayi shugaban sashe, sannan ka ga mutumin ido da ido a wurin aikinsa, ba a sakatariya ba. Gani ya kori ji. Sai bayan nan ka rubuta rahoto, kuma ba kai ke yanke hukunci ba, kwamiti ne.

Sadiq_Kibiya: Na gode ƙwarai. To Malam, gwamnati ko kamfani? A gida ana ta ce mini in nemi ƙaramar hukuma.

Baba_Sale_Dutse: Yaro, ƙaramar hukuma tana da aikin da kake so, in ka samu shugaba mai son aiki. Kano 44, Jigawa 27, kowacce da sashen ma'aikata ƙarƙashin darakta, DPM (daraktan ma'aikata) ko DAGS (daraktan mulki), gwargwadon yadda ake kiransa a wurin. Mai digiri a matakin albashi na 08 yake shiga. Daga mataki na 07 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke da iko, 01 zuwa 06 kwamitin cikin gida. Ƙarin girma a ƙa'idar tarayya, wadda jihohi ke kwaikwayo: shekara biyu ga na 06 zuwa ƙasa, uku ga 07 zuwa 14, huɗu ga 15 zuwa sama. Ritaya shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga. A ce an haifi mutum 1970, ya kama aiki 1992: talatin da biyar ta cika 2027, sittin sai 2030, to 2027 zai tafi. Yaron da zai iya ɗaukar rajistar ma'aikata ya fitar da wanda zai tafi bana da baɗi da shekara mai bi mata, sashe-sashe, ya kai wa darakta a shafi ɗaya, wallahi ba za a bar shi yana ɗaukar fayil ba. Sai dai ka sani, fanshon ma'aikatan jihohin Kano da Jigawa tsarinsu ne na kansu da hukumominsu, kada ka ɗauko alƙaluman da Hajiya Binta ta kawo ka ɗora a kai. Nata na kamfanoni ne da ma'aikatan tarayya.

Dan_Auyo: Baba, a faɗa masa ɗaya gefen kuma. Zai iya yin shekara biyar babu kwamfuta a teburinsa, babu wuta, rajistar tana cikin littafi. Kuma rahoton da ya nuna asibitin cikin gari na da ma'aikata ashirin, na ƙauye yana da biyu, ba kowa ke son ganinsa ba, don waɗanda aka tara a garin suna da masu tsaya musu.

Maman_Khalifa: Tunda an taɓo asibiti. Ɓangaren lafiya matakin farko shi ne inda lissafi da mutane suka fi cakuɗewa, kuma ana neman masu iya shi, a gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Misali mai sauƙi da shugabanni da yawa ba sa yi: ana son ɗakin haihuwa ya kasance a buɗe dare da rana, ungozoma ɗaya a kowane lokaci. Mako awa 168 ne. Mutum ɗaya awa 40. Ka raba, 4.2. Ka ƙara hutun shekara, hutun haihuwa, rashin lafiya da zuwa bita, sai mutum biyar. To asibitin da aka tura wa ungozoma biyu aka rubuta yana aikin awa 24, a takarda ne kawai. Ko su galabaita, ko su kulle da magariba. Lissafin ya tsaya nan. Daga nan sai tambayar me ya sa wadda aka tura ƙauyen ba ta zama: babu gidan ma'aikata, babu ruwa, miji yana Kano, hanya tana yankewa da damina musamman yankin fadamar Haɗejia. Wannan ba ya cikin Excel, sai an zauna da ita, da mai gari, da kwamitin ci gaban mazaɓa. Sau da yawa maganin shi ne a nemo 'yar yankin a horar da ita, ba a yi ta rubuta takardar tuhuma ba.

Abba_Kura: Ni kuma zan ja shi zuwa kamfanonin noma. Injinan shinkafa, masu sarrafa tumatir a yankin Kadawa, masu gyaran riɗi da zoɓo a Dawanau da Maigatari. Ma'aikatan dindindin kaɗan ne, 'yan wucin gadi su ne ɗaruruwa, kuma biyansu a kan buhu ne ko a kan yini. Nan ne kuɗi ke zurarewa: shugaban leburori ya kawo sunaye 60, waɗanda suka yi aiki 48. Ana sayo na'urar dangwala yatsa a ce an gama, sai ta ƙi karanta yatsun masu dako da masu aikin shinkafa saboda zanen yatsa ya goge da aiki. Abin da ya fi aiki shi ne kati mai hoto da lamba, a ƙirga a ƙofa da safe, a sake ƙirgawa bayan azahar, mutum biyu daban su sa hannu, sannan a gwada da buhunan da aka fitar a ranar. In mutum 60 sun yi aikin da 48 suka saba yi, akwai magana.

Wani abu kuma, lissafin masu barin aiki. Ƙa'idar: waɗanda suka bari, a raba da matsakaicin yawan ma'aikata, a ninka da ɗari. A ce farkon shekara 80, ƙarshe 120, matsakaici 100, talatin sun bari, kashi 30 ke nan. Amma in ka cusa 'yan wucin gadi na lokacin kaka a ciki lissafin ya lalace, don su dama tafiya za su yi. A ware su. Haka fashin aiki: ka jera shi rana-rana da wata-wata kafin ka ce wani malalaci ne. Za ka ga yana tashi da saukar damina lokacin shuka, ya sake tashi da girbi, kuma yana bin ranar kasuwa, Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil. Kowane lebura manomi ne. Mai hankali sai ya tsara hutu da aikin karɓa-karɓa a kan haka tare da su, maimakon yankan albashi.

Lauya_Nafisa: A kan yankan albashi, a kiyaye. Dokar ƙwadago ba ta yarda jimillar abin da za a cire wa ma'aikaci a wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ba. Bashin taki, na azumi, na ragon layya, in aka tara su kan wata ɗaya sai a tsallake iyaka ba a sani ba. Ka sa layi a jadawalinka da zai yi ja in an wuce. Dokar ta kuma ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, hutun haihuwa mako shida kafin da shida bayan. Sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata guda daga biyar zuwa sama. Shari'ar irin wannan a kotun ma'aikata ta ƙasa ake yi, kuma abin da ke kayar da kamfanoni shi ne korar mutum ba a ba shi damar kare kansa a rubuce ba.

Abba_Kura: Lauya, mafi ƙarancin albashi na 70,000 ya shafi 'yan buhu?

Lauya_Nafisa: An sa hannu kan 70,000 a Yulin 2024. Dokar ta cire mai ma'aikata ƙasa da 25, da masu aikin biya-gwargwadon-aiki, da aikin gona na lokaci-lokaci. Amma kada a fake da wannan a riƙe mutum shekara huɗu yana zuwa kullum ana kiransa ɗan wucin gadi. Sannan Sadiq, tunda bayanai za ka riƙe: dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka. Jerin albashi da BVN ba a tura shi zauren WhatsApp na ma'aikata, ba a barin sa a kwamfutar shagon buga takardu. Takardar asibitin ma'aikaci kuwa a fayil daban, a kulle.

Ummi_Ringim: Mun yi nisa, bai ji batun takardar shaida ba. CIPM ita ce cibiyar masu wannan sana'a a Najeriya, an kafa ta 1968, doka ta tabbatar da ita 1992. Jarrabawarta mataki-mataki ce, inda za ka fara ya danganta da abin da ka karanta. Ka yi rajistar ɗalibi kana aiki kana rubutawa. Ɓangaren bayanai kuma akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara 2023, yana da darasin nazarin bayanai. Ka koyi KoboToolbox ma, don yana karɓar bayani a waya babu sabis, sai ka shigo gari ya tura.

Injiniya_Wudil: Takarda tana da amfani, amma a intabiyu abin da ke raba gardama shi ne a juyo maka da kwamfuta a ce ga jadawali mai datti, gyara. Ka ƙirƙiri ma'aikata 200 na ƙarya, ka lalata bayanan da gangan, ka gyara, ka fitar da shafi ɗaya: yawansu sashe-sashe, maza da mata, masu ritaya cikin shekara uku, jimillar albashi. Ko ka je ƙungiyar manoman garinku ko Islamiyya ka tsara musu rajista kyauta, da izininsu.

Baba_Sale_Dutse: Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ne ya fi nauyi ga mai aiki a garinsu. Ranar da aka ce za a ɗauki mutum goma, kawunka zai zo, kansila zai aiko, mai unguwa zai kira. Ba za ka ce musu a'a da baki ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Abin da zai tsare ka shi ne tsari: a rubuta sharuɗɗa kafin a buɗe karɓar takardu, kwamitin mutum uku ko biyar, kowa ya ba da makinsa a takardarsa shi kaɗai kafin a tattauna, a haɗa, kowa ya sa hannu. In dattijo ya zo ka tashi ka tarbe shi, ka karɓi takardar yaron da hannu biyu, ka ce ranka ya daɗe zai shiga layi kamar kowa, kuma ba ni kaɗai ke ba da maki ba. Gaskiya ka faɗa, kuma ba ka wulaƙanta shi ba. Inda kamfani ya yi alkawarin kason 'yan gari, a rubuta kason a fili, kashi nawa, wane irin aiki, a bi ta hannun hakimi a sanar.

Dan_Auyo: Shi ya sa nake ganin ya fara a wata ƙaramar hukumar ba tasu ba. Daga Kibiya zuwa Kura ko Bunkure ba nisa, zai riƙa kwana gida ko ya dawo ƙarshen mako, kuma babu kawu a bakin ƙofa.

Sadiq_Kibiya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na fahimta, in nemi ƙaramin wuri inda zan taɓa komai. Amma har yanzu ina tsakanin maganar Hajiya da ta Malam Habu. In an ba ni aikin haɗa albashi a kamfani, ga kuma aikin jami'in ma'aikata a ƙungiyar lafiya na kwangilar shekara ɗaya, wanne?

Maman_Khalifa: Na lafiyan, in har akwai fita ƙauyuka a cikin bayanin aikin. Ka tambaye su kai tsaye: kwana nawa a wata zan fita, kuma wa ke karanta rahoton da zan haɗa? In amsar ita ce babu fita, to mai shigar da bayanai suke nema, sun canja masa suna ne kawai.

Hajiya_Binta_Kazaure: Kwangilar shekara ɗaya tana ƙarewa da ƙarewar kuɗin masu tallafi. Albashi kuwa duk wata sai an biya, kuma yanzu da sabuwar dokar haraji ta cire naira 800,000 ta farko a shekara daga haraji tun daga Janairun 2026, duk ƙaramin kamfani na buƙatar wanda ya iya sabon lissafin. Ka karɓi aikin albashin, amma ka sa sharaɗi tun a intabiyu cewa rajistar zuwa aiki da fayil ɗin ma'aikata su ma a hannunka za su kasance, kuma kai za ka riƙa raba takardar albashi hannu da hannu a cikin masana'anta, ba a ajiye ta wurin mai gadi ba.

Malam_Habu_Gumel: Hajiya, in ya samu wannan sharaɗin na yarda. In akanta ya ƙi sakin fayilolin, ya ɗauki na lafiyan.

Abba_Kura: Sadiq, in kamfanin shinkafa ne, ka tambayi wata nawa injin ke aiki a shekara da kuma wa ke biyan 'yan dako, kamfanin ko ɗan kwangila. In ɗan kwangila ne, ma'aikatan da za ka riƙe ba za su wuce talatin ba, kuma ba za ka ga lissafin da na yi bayani a sama ba.